Hoton Baba Na Moriki

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Sani a Zurmi ba, ko da yake na so in manta. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙaura Namoda, ina da 'yar tsohuwar kyamara da nake rataye ta a wuya kamar ɗan jarida. Shekarun nan ne da aka daina kiɗa a biki, sai walima da wa'azi, don haka mai hoto ya zama abin kallo. Ni kuwa ina son a kalle ni.

Na yi wa Sani alƙawarin fim ɗin kyamara guda uku. Da na je shago, mai shagon ya ce kamfani ya daina yin irin wanda kyamarata ke ci, ragowar da ke hannunsa kuma ya ninka kuɗinsu uku. Na yi ciniki har ya gaji da ni, na sayi ɗaya. Hoto ashirin da huɗu ke nan (ban gaya wa Sani ba, wai kada girmana ya zube).

Kafin a sauke shinkafa na ƙarar da shi a kan abokan ango, har da nawa guda biyu. Sai ga kakan ango ya iso daga Moriki, tsoho mai farin gemu, aka ce bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai yau. Ya gyara rawani, ya tara 'ya'ya da jikoki, ya zauna tsakiya.

Me zan ce? Na durƙusa, na ce, "Baba, a ɗan ɗaga kai." Na danna, fitila ta haska, alhali ba sauran fim a kyamarar. Har sau uku na yi (wai na farkon ya rufe ido).

Bayan mako biyu ina ɗakin malamai da hantsi, sai sallama. Baba ne da sandarsa, ya biyo motar kasuwa.

"Ɗana, hoton nan niz zo amsa. Ina son in bar ma yara abin tunawa."

Na fara cewa wurin wankin hoto ne aka samu matsala, sai na ga yadda yake dubana, na kasa ƙarasawa. Na faɗi gaskiya.

Sai ya ce, "To hasken ga da kak kashe mani ido da shi, na mine ne?"

Hedimasta ya fita da gudu don kada dariya ta kuɓuce masa. Ni dai na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Ranar Asabar na koma shagon, kuɗin fim ya ƙara hawa, na biya ba ciniki, na nufi Moriki. Baba ya zauna, amma sai da ya sa na buɗe kyamarar ya leƙa tukuna.

Tun daga nan na koyi faɗin "ya ƙare". Kalma biyu ce, kuma kyauta ake faɗinta.