Ɗigon Ruwan da Ya Zama Albasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tara mutane da kaina, na jera musu kujeru, na raba musu ruwan sanyi, sannan na tsaya a gabansu na fassara musu abin kunyata da bakina, jimla bayan jimla.

A lokacin ina koyar da ilimin kwamfuta a wata babbar makaranta a Talata Mafara. Fannina shi ne nazarin yadda mutum yake mu'amala da na'ura: me ya sa wani zai ɗauki waya ya gane kanta nan take, wani kuma ya yi ta danne-danne har ya haƙura. (Mahaifiyata har yau gyaran waya take cewa ina koyarwa, kuma na daina musu.) A aikinmu iya koyarwa kaɗai ba ya kai mutum gaba. Sai ka yi bincike, ka rubuta maƙala, mujallar masana ta buga. Bayan nan sai a duba sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinka a cikin nasu rubutun. Da wannan ambaton ake auna malami idan lokacin ƙarin girma ya zo. Ni kuwa shekarata shida ina aiki babu wanda ya taɓa ambatona, ko bisa kuskure. Na ci alwashin sai na sauya wannan.

Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, shi ya ba ni abin da zan bincika ba tare da ya sani ba. Yana noman rani a Bakura da ruwan madatsar Bakolori, shinkafa da albasa. Kukansa kullum ɗaya ne: ba ya samun labarin ranar da za a sako ruwa a kanal ɗinsu da wuri, wani lokaci sai ya yi tafiya ya dawo ya tarar ruwa ya zo ya wuce. Sai na zauna na haɗa wata 'yar manhaja ta waya don manoman da ba su yi boko ba. Babu rubutu a cikinta ko ɗaya. Hoton ɗigon ruwa ne babba a tsakiya, idan ka danna sai murya ta faɗa maka ranar. Ni nake karɓo ranakun daga wurin masu buɗe ruwa ina sakawa.

Na raba ta ga manoma a Bakura da Maradun. Bayan wata biyu na koma, na sa maigari ya tara mini su, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko ta yi musu. Kowa ya ce, "Madalla, Malam, Allah ya ƙara basira." Babu wanda ya kushe. Na dawo na rubuta cewa duk manoman da aka tambaya sun gamsu. A can ƙarshen maƙalar na liƙa wani jadawali da ke nuna sau nawa aka danna hoton kowane mako. (Na sa shi ne don maƙalar ta yi kauri. Ban tsaya na dube shi da kyau ba.)

Aka buga. Shekara guda shiru. Sai a shekara ta biyu lambar ambato ta fara motsi a shafina na intanet, kuma ba ta tsaya ba. Masana daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna kiran sunana. Na koma duba lambar nan kafin in karya kumallo. Tafiyata ma ta canza. Mai shayin bakin makaranta ya fara ce mini Farfesa, ban hana shi ba. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban buɗe ko ɗaya daga cikin rubuce-rubucen na karanta ba. Turancinsu dogo ne, ni kuma lambar ta ishe ni.

Na je wurin shugabar sashenmu, Dakta Rabi, na nemi a ba ni taron sashe na wannan watan in yi bayanin yadda bincikena ya zaga duniya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ka karanta abin da suka ce kuwa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai wanda ya ambace ka ya yarda da kai."

Ta ce, "Ni ma ban karanta ba. To, Allah ya kai mu."

Ban tsaya kan malamai da ɗalibai ba. Na ɗauki hayar bas ta kwaso Kawu Bawa da manoman Bakura da na Maradun, don su ga inda aikinsu ya kai. Na ɗinka sabuwar babbar riga. Ranar Laraba ɗaki ya cika, aka kunna majigi, na haska lambar nan a bango da girmanta. Na yi kusan rabin awa ina magana, Turanci ga malamai, Hausa ga manoma. Har tafi aka yi mini.

Sai Kawu Bawa ya ɗaga hannu. Ya yi doguwar gaisuwa, ya gai da shugaba, ya gai da malamai, sannan ya ce, "Ɗana, mun ji Turawa suna kiran sunanka, mun gode Allah. To mi sunka ce?"

Da ina da wayo da na ce lokaci ya ƙure. A maimakon haka sai na ce, "Kawu, yanzu za ka ji da kunnenka." Na danna rubutun da ke sama, na wata farfesa ne daga ƙasar waje, na nemo inda sunana yake. Na roƙi Dakta Rabi ta riƙa karanta Turancin, ni kuma ina fassarawa.

Ta karanta jimlar farko. Na ɗaga murya na ce, "Ta ce, akwai wani bincike da aka yi a arewacin Najeriya wanda ya kamata duk ɗalibin wannan fanni ya karanta."

Manoma suka ce, "Masha Allah."

Ta karanta ta biyu, muryarta ta ɗan yi ƙasa. Na ce, "Ta ce, domin shi ne misali mafi bayyana na..." Nan na tsaya. Na sake kallon bango. Malamai da ɗalibai sun riga sun karanta, ɗakin ya yi tsit. Manoma kaɗai ke murmushi suna jira.

Kawu ya ce, "Na mi?"

Na yi tunanin in yi ƙarya, amma rabin ɗakin na jin Turanci. Na ƙarasa: "Misali na yadda bai kamata a yi bincike ba. Ta ce mai binciken da kansa ya tambayi mutanen da ke jin nauyinsa ko abin da ya ƙera ya yi kyau, suka ce masa ya yi. Alhali jadawalin da ya sa da hannunsa ya nuna bayan mako biyu kusan babu mai taɓa manhajar."

Wani ɗalibi a baya ya yi tari irin wanda kowa ya san dariya ce aka danne. Don in tsira na ce wannan ra'ayin mutum ɗaya ne, na buɗe na biyu. (Kada ka taɓa buɗe na biyu.) Shi ma haka, har ya fi na farko zafi.

Kawu Bawa ya gyara zama, ya ce, "Ai matar ga ta faɗi gaskiya. Mu dai mun aza albasa ta."

Na ce, "Wace albasa, Kawu?"

"Hoton nan. Ƙasa da faɗi, sama da tsini, ga shi ja-ja. Munka ce wayar Malam tana faɗin ranar da masu sayen albasa za su zo."

A kwamfutata hoton shuɗi ne. A ƙananan wayoyinsu launin ya rine ya koma kalar albasa sak. Muryar kuma sunan rana kawai take faɗa, ba ta cewa ranar mece ce. Wani dattijo daga Maradun, Malam Isa, ya ce ranar da ta ce masa Alhamis, buhunan albasarsa ya ɗora a babur ya kai bakin titi, ya wuni yana jiran motar 'yan kasuwa. Kafin ya koma an sako ruwa an rufe, shinkafarsa ta ƙara mako guda da ƙishi.

Wannan ya fi dariyar ɗalibai yi mini ciwo. Na ce, "To me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Kawu ya ce, "Ka zo da maigari, ka zo da takarda da biro, ga ka ɗan yayata. Wa za shi ce maka ba ta yi ba?"

Dakta Rabi ta rufe taro da addu'a, Allah ya saka mata. Na raka bas ɗin ina kallon ƙasa.

Kwana uku ban leƙa ofis ba. A na huɗu na zauna na karanta duk rubutun da ya ambace ni, ɗaya bayan ɗaya, da ƙamus a gefe. Yawancinsu duka ne, amma duka mai ilimi. Na koma Bakura da Maradun ba tare da maigari ba, ba babbar riga. Na tafi da wani abokin aikina da ba su sani ba, ya nuna musu sabon gwajin manhajar ya ce na wani baƙo ne, ni ina gefe ina kallo kawai. Ranar na ji gaskiya har ta yi mini yawa. Malam Isa ne ya zana mana alamar da ta dace a ƙasa da tsinke: ƙarfen nan mai kama da sitiyari da ake murɗawa a buɗe ƙofar ruwa. Muryar kuma muka sa ta faɗi magana cikakkiya. Sau biyar muna gyarawa kafin ya ce ta yi, kuma sai da na ga yana dannawa ba a sa shi ba sannan na yarda.

Na rubuta maƙala ta biyu, na buɗe ta da bayanin kuskurena. Zuwa yau mutum uku ne suka ambace ta, kuma ɗaya daga cikinsu ni ne. Ta farkon kuwa har yanzu lambarta hawa take yi.

Abin da na koya shi ne, idan ka ji sunanka na yawo a bakin mutane, ka tsaya ka ji abin da ake haɗa shi da shi kafin ka ɗauko hayar bas. Wanda akuyarsa ta shiga gonar mutane ma duk gari sun san sunansa.