Rufin Don Casimiro Bai Tashi Ba

Ƙofar falon Don Casimiro Peguero ta daina rufuwa tun watan Yuni. Sai an ɗaga ta da kafaɗa, an tura da gwiwa, sannan ta yarda ta shiga mazauninta. Baƙi sun ɗauka danshin teku ne ya kumbura katakon, domin a unguwarmu har gishirin miya narkewa yake yi a kwano. Matarsa, Doña Nereida, ita kaɗai ta ɗaga kai ta ga ba ƙofar ce ta kumbura ba, saman ne yake saukowa.

Amma wa zai tsaya kallon ƙofa a gidan babban mutum irin Don Casimiro? A wajenmu ai Don laƙabin girmamawa ne na maza, Doña kuma na mata. Wannan fa shi ne Shugaban Kwamitin Kare Rufi daga Guguwa, kwamitin da ya kafa da kansa, ya tsaya takara shi kaɗai, ya kuma karɓi sakamakon zaɓen cikin tawali'u. Shekara talatin ya yi yana awon kaya a tashar jiragen ruwa, ya yi ritaya da ilimi guda ɗaya tak: abu mai nauyi ba ya tashi. Masu wasan domino a bakin kanti suna kiransa Injiniya idan yana nan, Don Nauyi idan ya ba da baya.

Kowa ya san idan watannin guguwa suka kama, akan ɗora wa kwanon rufi tsofaffin tayoyi biyu ko uku, ko buhun yashi, a ɗaure da igiya, a bar wa Allah sauran. Idan lokacin ya wuce a sauke. Don Casimiro ba ya saukewa, ƙarawa yake yi. A bana rufinsa yana ɗauke da taya goma sha tara, bulo arba'in, mataccen firji, da injin kwalekwalen wani marigayi. Masunta daga cikin teku da gidansa suke gane hanyar komawa.

"Guguwa," yakan ce wa masu domino, yatsa a sama, "ɓarauniya ce, kuma ɓarawo ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Shekara goma sha ɗaya ko falle ɗaya bai tashi daga kaina ba. Ku tambayi tarihi."

Ba wanda ya tambayi tarihi. Doña Nereida dai ta tambayi Tolentino, kafinta maƙwabcinsu. Ya zo ya hau kujera, ya soka yatsa a babban katakon da ke riƙe da rufin falo. Yatsan ya shige har gindi. Garin katako ya zubo masa a gira, gara na tafiya a ciki.

"Maƙwabci," in ji Tolentino, "wannan ba katako ba ne, burodi ne. A sauke kayan nan yau, gobe in canja shi."

Don Casimiro ya yi murmushin da manya kan yi wa marasa ilimi. "Gara ba ta cikin ajandar kwamiti. Kwamiti da iska yake faɗa. Kai da rufinka ko bulo ɗaya babu, kana dogara da 'yan ƙusoshi, har kana da bakin magana? Na riga na sa gidanka a sahun farko na waɗanda za mu je nema a kan bishiyar kwakwa."

Shekara talatin da huɗu na aure sun koya wa Doña Nereida cewa musu da mijinta ƙarin bulo yake jawowa. Washegari sai ta ɗauki keken ɗinkinta ta kai gidan Tolentino, matarsa ta ajiye mata a lungu. Kwana biyu bayan haka ta kai kujerun falo. Sannan akwatin tufafi, agogon bango, hoton aurensu. Don Casimiro, wanda idonsa kullum yana sama, bai ga komai ba. Ranar da aka fitar da teburin cin abinci ya tsaya a tsakar falo ya numfasa.

"Nereida, kin lura gidan nan yana ƙara faɗi? Aikin nauyi ne. Yana danna bango ya buɗe."

"Na lura, maigida," in ji ta, ta miƙa masa soyayyar ayaba a hannu.

Ranar Laraba rediyo ta ce guguwa tana tafe, za ta iso gobe da rana. Unguwa ta ruɗe da ƙarar guduma. Mata suna cika duro da ruwa, maza suna jawo kwalekwale tudu. Don Casimiro kuwa ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya tara ƙarti shida, suka jawo wata tsatsattsiyar ƙugiyar ƙarfe, irin wadda ake jefawa a teku don tsayar da jirgi. Da igiya da ihu aka haɗa aka ɗora ta a ƙoƙuwar rufin, kusa da firji. Gidan ya yi wani dogon nishi.

"Kun ji?" in ji Don Casimiro. "Godiya yake yi."

Ranar Alhamis da safe abu ɗaya ya rage wa Doña Nereida ta fitar daga gidan, kuma shi ne mafi nauyi. Ta same shi zaune a kan gado, ya rantse ba zai bi jama'a zuwa makarantar da ake fakewa ba, domin shugaba ba ya gudu daga rufinsa.

"Gaskiyarka," in ji ta. "Sai dai mutum ɗari biyu ne a can, an kulle ƙofa, ba su da inda za su, kuma ba wanda zai yi musu jawabi."

Kafin ta ɗaure kallabi ya riga ta bakin titi.

Awa uku ya yi yana bayani a kan nauyi. Tsofaffi suka yi barci, jarirai suka gaji da kuka suka haƙura. A waje kuwa guguwar ta sake shawara, ta karkata can cikin teku, ta bar mu da ruwa kamar da bakin ƙwarya da iskar da ba ta fi ta kayar da ganyen ayaba ba. Wajen ƙarfe uku sai aka ji wani rugugi daga bakin teku, ƙasa ta motsa. Don Casimiro ya dakata.

"Rufin Tolentino ke nan," ya ce cikin alhini. "Na gargaɗe shi."

Da ruwa ya ɗauke aka fito. Rufin Tolentino yana nan, tsuntsu ma yana shan iska a kai. Rufin kowa yana nan. Na Don Casimiro ma yana nan, sai dai ya koma cikin falo. Firji yana kwance a inda tebur yake da, tayoyi sun watsu har madafa, ƙugiyar ƙarfe ta huda gadon ta kafe a ƙasa. Bango huɗu suna tsaye suna kallon sama.

Jama'a suka yi cirko-cirko, kowa yana neman inda zai ajiye idonsa. Don Casimiro ya zagaya gidan sau biyu, hannu a baya, leɓe yana motsi. Sannan ya hau kan bulo ya gyara murya.

"Jama'a, na ƙirga. Falle ashirin da shida na ɗora, falle ashirin da shida suna nan. Ko ɗaya bai tashi ba. A rubuta a littafin kwamiti: shekara goma sha biyu."

"An rubuta, Injiniya," in ji Tolentino. "Ɗakin bayanmu a share yake. Kayanku ma sun riga ku zuwa."

Da yamma Doña Nereida ta ce za ta dafa kofi, ruwa kuma babu, tunda gidan da ba rufi ba shi da indararo. Don Casimiro ya naɗe hannun farar rigarsa, ya ɗauki bokiti, ya je ya tara a ƙarƙashin rufin Tolentino, inda ragowar ruwan sama take ta ɗigowa, ya tsaya yana jira ya cika.