Ni da Batirin Jirgin Baban Hafsa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka taru a gidanmu na unguwar Port Richmond don a ji kukan jirgin Baban Hafsa ba. Baban Hafsa mijina ne, kuma jirgin sama nake nufi na gaske, ɗan ƙarami mai kujera biyu, wanda ya yi shekara da shekaru yana harhaɗawa da hannunsa a garejinmu. A filin jirgin sama na JFK yake aiki, cikin masu jona wa manyan jirage wuta idan sun sauka sun kashe inji. Kullum yana kallon jiragen mutane suna tashi, sai ya ƙudura shi ma sai ya yi nasa. Guntu-guntu ake kawo masa kayan a kwali, ya shige gareji, sai lokacin salla ya fito da shi.

Ba irin dariyar da ba a yi masa ba. A masallaci Kyaftin suke ce masa. Wani ya taɓa tambayarsa nawa ne kuɗin zuwa Kano a gwangwanin nasa, kuma ko ana ba da abinci a ciki. Shi dai sai ya yi murmushi, amma ni da nake kwana da shi na san abin yana cinsa. A gida nakan yi masa mita (gareji ya zama nasa, motata tana kwana a waje kamar marainiya), amma a waje ba mai taɓa shi in ƙyale. Saboda haka da ya ce ranar Asabar zai tada injin a karo na farko, ni na ɗauki gayya a kaina. Shi mutum uku ya kira. Ni kuwa ban bar kowa ba, har matan unguwar Soundview sai da suka ƙetaro ruwa, musamman waɗanda na san mazansu ne suka fi baki. So nake kowa ya ji da kunnensa.

Na yi waina, na yi miyar taushe, na cika kula da zoɓo, na ɗaura ɗankwalin da sai na karkata nake wuce ƙofa. Maza suka turo jirgin tsakar gida. Ba a sa masa fukafukai ba tukuna, don ranar ba tashi za a yi ba, inji kawai za a gwada. Aka ɗaure jelarsa da igiya a jikin ƙarfen katanga, aka sa katako a tayoyi, aka kori kowa daga gaban farfela. Baban Hafsa ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli.

Ƙas. Farfela ta ɗan motsa kamar mai miƙa, ta tsaya. Ya sake murɗawa. Wannan karon ko motsin ba ta yi ba.

Wallahi sai na ji kamar ni aka watsa wa ruwan sanyi. Na ga wuyan mijina ya jiƙe da gumi. Daga baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, “Mai ba jiragen Turawa wuta, nasa babu.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baban Hafsa ya sauko ya ce batir ne, kuma abin ya ɗaure masa kai, domin ya san ya zuƙe shi wajen gwajin fitilu da rediyo, amma tun ranar Alhamis ya jona shi a caja.

Nan fa Hajiya ta tashi (wato ni). A wajen akwai Baba Isaka, wani dattijo mutumin Kumasi mai shagon kayan mota, wanda a hannunsa aka sayi batirin. Na nufe shi da ludayi a hannu.

“Baba Isaka, tsakaninka da Allah, sabon batir ka ba mu ko wanda aka ciro daga tsohuwar tasi aka goge?”

Bawan Allah ya ajiye wainarsa. “Ei, Hajiya! Batir nan sabo ne fil, cikin kwali shi ya zo. Ni ba na wannan aiki.”

Ban saurara ba. Na ce an saba, an ga mutum mai haƙuri shi ya sa. Na ce wasu ma tun farko ba sa son abin ya yiwu, Allah dai ya fi su. Ina faɗa ina waiwayar inda masu dariyar suke tsaye. Baban Hafsa ya ce, “Hajiya, ki bari mu duba,” na ce ba zan bari ba. Sai da Hajiya Rakiya, ƙawata mutuniyar Maraɗi mai sayar da atamfa, ta ja ni gefe ta zaunar da ni cikin mata.

A nan ya kamata in yi shiru. To amma bakina ya riga ya ɗau zafi. Ina da wata ɗabi’a da na taho da ita daga Kano: duk abin da na gani a jone a soket, sai na cire. A unguwarmu idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, abin da ta tarar ta cinye, a gabana ta ƙone firijin Innarmu da talabijin a rana ɗaya. Yarana sun gaya mini har sun gaji cewa nan ba a ɗauke wuta, amma hali zanen dutse. Kuma ina alfahari da abin, nan ne matsalar.

Sai na shiga yi wa matan lacca a kan sakacin maza da kayan wuta. Na ce ni a gidana ba a barin komai a jone. “Ko shekaranjiya,” na ce, da muryar da nake kiran yara daga bene, “na dawo aiki na tarar da wata doguwar waya mai ruwan lemo an zuro ta ta tagar kicin an cusa a soket, ba kowa a gida. Ku ji fa! Da gobara ta tashi fa? Nan take na fizge ta.”

Ban lura maza sun juyo suna saurarona ba. Hajiya Rakiya ce ta dafa gwiwata a hankali.

“Maman Hafsa, wagga waya da kika hidda, ina ta nuhwa?”

Na buɗe baki in ce ina ruwana da inda ta nufa, sai idona ya bi tagar kicin. Ga wayar nan kwance, ta sauko ta bi gefen katanga, ta shige ƙarƙashin ƙofar gareji. Soket ɗin gareji ya lalace tun bara, ni da kaina na sha yi masa mita a kai. Shi kuma ranar Juma’a aikin dare da rana ya haɗa, bai leƙa cajar ba, da safe kuma ana ta hidima ya zare ta daga jirgin ba tare da ya kalli fitilarta ba.

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da ɗankwalin. Baba Isaka ya ɗauki wainarsa ya ci gaba da ci yana kallona, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na je gabansa na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma a ƙara masa miya.

Abin da na fi tsoro shi ne fuskar mijina. Na ɗago a hankali, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, har da riƙe ciki. Ashe shi duk tsoronsa kada a ce wani abu ya haɗa ba daidai ba a cikin jirgin.

“Alhamdu lillahi, jirgi lafiyarsa ƙalau,” ya ce wa jama’a. “Hajiya ce ta ɗauke wuta, ita kuma za ta kawo ta. Ɗauko makullin motarki.”

Ashe tun yana haɗa jirgin ya yi masa wata ’yar ƙofa a gefe, da soket a ciki, irin wanda yake jona wa manyan jirage a wurin aiki, don rana irin wannan. Na matso da motata ta bayan jirgin. Ya buɗe bonet, ya maƙala waya mai kauri a batirina, ja a inda ja yake, baƙi a inda baƙi yake, ya cusa ɗaya bakin a jikin jirgin. Ya ce in bar mota a kunne, in ɗan taka totur, kuma don girman Allah kada in cire komai. Har Baba Isaka sai da ya ƙware don dariya.

Ya hau, ya sake bisimilla. Farfela ta juya, ta yi tari, sai injin ya kama da wata ƙara da ta girgiza tagogin maƙwabta. Iskar ta kwashe farantan roba, ta shigo ta tagar mota ta tuge mini ɗankwali ta jefa shi gidan wasu ’yan Meziko. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suna kabbara, mai maganar gwangwani ya fi kowa ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ni kuwa ina cikin mota, ƙafa a kan totur, kai ba ɗankwali, ina kuka ina dariya. Ta gilashi na hango Baban Hafsa yana share ido da bayan hannu. Ban taɓa jin daɗi da kunya sun haɗu mini a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. Idan abu ya lalace a gida ana neman mai laifi, yanzu nakan bari a gama bincike kafin in ɗauki ludayi, domin na gane mai laifin tana iya kasancewa ita ce ta soya wainar.