Kan Burtu a Falon Malamina

Lokacin da kuɗin mai ya kwaso mu karatu Landan, Baturen da ke duba aikina ya gayyace ni cin abinci. Mayen tsuntsaye ne, duk hutu yana dajin Borneo yana leƙensu. Ni kuwa ba na zuwa gidan babba hannu rabbana, sai na ɗauko busasshen kan burtun da kawuna maharbi ya ba ni.

Abokina Sale ya ce, "Anya kuwa?"

Na ce, "Ba ka san Turawa ba."

Da ma miƙawa kawai na yi. Ina! Na ɗaura shi a goshi, na durƙusa tsakiyar falo ina gwada yadda ake sanɗar barewa. Sauran baƙin da aka gayyata suka zuba mini ido. Sai sannan na lura hotunan bango duk dangin burtu ne, baƙin kuma 'yan ƙungiyar hana kashe su.

Matar gidan ta ce, "Kashe shi aka yi?"

Na ce, "Tsufa ne, Madam."

Wata uku ina jiran takardar kora. Ba ta zo ba. Amma tun da na ba Sale labari, har yau ko rasuwar wa aka faɗa, sai ya kalle ni ya duƙar da kai: "Tsufa ne, Madam."