Ranar da Ramin Gas Ya Yi Wa Liman Wanka

Ba zan taɓa mantawa da walimar gidana a Wuro Patuji ba, ko da na so, 'yan unguwa ba za su bari ba.

Da Allah Ya dawo da mu Mubi daga gudun hijira, na tarar da gidan ba rufi ba ƙofa. Na ce tunda gyara ya kama, a yi na zamani. Aka ɗora sola a kan kwano, aka kafa tankin tara ruwan sama, aka buɗe manyan tagogi. Saura girki, ga shi a lokacin shiga daji neman itace sai wanda ya gaji da ransa. Maƙwabcina Bitrus magini ya ce ya ga wata dabara a wajen Belel: a gina rami a rufe da siminti, a riƙa zuba kashin shanu da ruwa, gas ya taso ya bi bututu zuwa murhu. Na ce ya gina mini, ya gina.

Mutane suka fara tsokana: "Malam, tuwon kashi za a ci a gidanka?" Ni kuwa da ɗan karatuna (har wa'azi nake rubutawa da ajami) na tsaya a ƙofar masallaci na warware musu: kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Limaminmu Modibbo, dattijo mai farin gemu, ya ce haka yake a littafi. Na koma gida ina jin kaina.

Sai dai rikici ya cinye shanun unguwa, kashin bai isa ba, wutar ta yi lumshe-lumshe ta mutu. Na sa Bitrus ya haɗa bututun masai da ramin. Ya ce, "Zai yi aiki, Malam, amma kai za ka gaya wa matarka Hajiya, ba ni ba." Ban gaya wa kowa ba. Wuta ta kama, shuɗiya, gwanin sha'awa.

Da walima ta matso, na hana kunna murhun don gas ya taru, sai ranar za a buɗe. Akwai wata kafa a gefe da ruwan taki ke fita, tana ɗan wari. Na toshe ta da tsumma, na danne da dutse (ban tambayi Bitrus ba, ai malami shi ake tambaya).

Ranar aka dafa, aka ci, aka yi alwalar la'asar, sai na zagaya da baƙi ta bayan ɗakuna ina nuna musu ramin. Modibbo ya ce, "Wannan dutsen fa?" Ya ture shi da sandarsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tsumman ya tashi kamar harsashi, baƙin ruwa ya biyo shi. Farar rigar Modibbo, rawani, gemu, babu abin da ya tsira. Na kusa da shi ma duk suka samu rabonsu.

Modibbo ya share fuska, ya yi murmushi don ya rufa mini asiri. "Ba komai, jama'a, kashin shanu ne, Malam ya riga ya yi mana bayani. A karkaɗe, a tayar da sallah."

In na yi shiru, mutane su yi sallah da najasa, alhaki a wuyana. In na yi magana, malantata ta ƙare. Har an fara daidaita sahu na ce, "Modibbo, a dakata. Akwai na mutane a ciki."

"Na wa?"

"Nawa ne, da na iyali."

Ya dubi gemunsa ya dube ni. "La'ilaha illallah! Har gemu, Malam?"

Daga cikin gida Hajiya ta ɗaga murya: "To tuwon da muka ci fa?" Bitrus ya leƙo ta katanga: "Ai na ce ka gaya mata!"

Sai da tankin ruwan saman ya ƙare a wanka. Modibbo ya ja sallar da rigata, iyakarta gwiwarsa.

Gas yana ci har yau, alhamdulillahi. Amma duk lokacin da na yi bayani a masallaci, sai wani ya ce, "Malam, shi ke nan, ko akwai wani bututun?" Ni dai na koyi cewa abin da ka binne ka danne da dutse, sandar liman yake jira.