Rasuwar Gadon Tsalle da Binciken da Ya Biyo Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma idon da bai gama yarda da kowa ba, Maigida na sanar da 'yan uwa, abokan arziki da yaran maƙwabta rasuwar Gadon Tsalle, wanda masu kanti ke kira tarampolin, yaran gida kuma ke kira Bum-Bum. Ya rasu a inda ya rayu, a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da tagar kicin, da rana tsaka, ba tare da ya yi ko tari ba. Maigida ya so ya ce kwana ne ya ƙare ya ja bakinsa ya yi shiru. To amma zance ya riga ya zagaya cewa an ga yanka a cikin mamacin, don haka ya ga gara a ji yadda abin ya faru daga tushe.

Wanda ya san Maigida ya san zargi ba baƙonsa ba ne. Shekara da shekaru yana tsaye a ƙofar babban kanti yana leƙa jakunkunan masu fita, har ya zama ko murmushi ka yi masa sai ya tambayi kansa me ka ɓoye. A kantin nan ya fara ganin marigayin a cikin kwali, ya yi ta zagaya shi har ya kawo shi gida. Da hannunsa ya haɗa shi. Ya zaɓa masa ƙasa mai laushi nesa da katanga, ya ɗaura masa ragar da ta kewaye shi, ya rufe sifirin ɗinsa, wato nannaɗaɗɗun ƙarafan da ke riƙe da shimfiɗarsa, da soso don kada ƙafar wani ta zurma.

Marigayin mai haƙuri ne. Ana taka shi, shi kuwa yana ɗaga mai taka shi sama. Bai taɓa neman mai ko wuta ba, bai taɓa ƙorafin rana ko ruwan sama ba, kuma ko da aka mai da shi wurin shanya barguna bai ɗauke shi raini ba. Shi ya raba yaran gidan da bakin titi, ya raba su da wayar uwarsu. Maganarsa ba ta da yawa. In ƙarami ya hau sai ya ce "ƙi-bum, ƙi-bum." In mai nauyi ne sai ya ja ta, "ƙiiii-bum." Maigida kan jiyo wannan murya tun daga bakin layi in ya taso aiki, ya san yaransa na gida.

Ranar da aka kafa shi, Maigida ya tara mutanen gidan ya kafa doka. Mutum ɗaya ke hawa, sai ya sauko wani ya hau. Ba alkafura. A ja zif ɗin raga kafin tsallen farko, a bar soso inda aka sa shi, kuma sai da babba a kusa yana kallo. Wanda bai kai shekara shida ba ya yi kallo daga ƙasa. Kowa ya ce to. Tun a lokacin Maigida bai yarda da wannan to ɗin ba, don ya yi saurin fitowa.

Abin da bai lissafa ba shi ne gidan na da wata doka da ta girmi tasa. A gidan nan ba a barin ƙarami a baya. In za a fita wasa, babba ya riƙe hannun ƙarami, kuma duk abin da ya sami ƙaramin, babban za a tambaya. Kaka, mahaifiyar Maigida, ita ke riƙe da wannan doka. Da ita ta rene shi da ƙannensa, kuma daga kujerarta ta tsakar gida take zartar da ita.

Wata rana Maigida na wurin aiki, Auta, ɗan shekara huɗu, ya riƙe ragar yana tsala ihu shi ma sai ya hau. 'Yar Fari ce a sama, yarinya 'yar shekara tara wadda ba ta taɓa karya dokar ubanta ba. Ta ce Baba ya hana. Kaka ta ce, "Ke, ba ki da kunne ne? Ɗauki ƙaninki ku hau tare, ki dai riƙe shi da kyau." Yarinya ta ɗauke shi, ta ja zif, ta kama hannayensa biyu, ta yi tsalle kaɗan-kaɗan don kada ya ji tsoro. Ta tashi sama daidai lokacin da yake saukowa, shimfiɗar ta dawo da ƙarfinta ta tari ƙafarsa. Bai faɗo waje ba, bai bugi ƙarfe ba. Marigayin ya ce "bum" sau ɗaya, daga nan ba a ƙara jin komai ba sai kukan Auta.

Ƙashin ya tsage a ƙasan gwiwa. Likita ta ce ta saba ganin irin wannan: in babba da ƙarami suka hau tare, ƙarfin tsallen babban a ƙafar ƙaramin yake sauka, kuma riƙe hannu ba ya hanawa. An sa wa Auta filastar ɗorin karaya har cinya. Yana samun sauƙi, yana kwance yana aiken manya.

Washegari Maigida ya yini a asibiti wurin Auta don uwar yara ta koma gida ta yi wanka da girki. Da ya dawo da la'asar sai ya tarar da marigayin ciki a farke. Ransa ya ɓaci ƙwarai. A wurinsa marigayin ba shi da laifi, doka aka karya, kuma wanda ya yanka shi ya yi ne don ya ɓoye nasa laifin. Ya tsaya a tsakar gida ya rantse cewa gawar nan ba za ta motsa ba sai ya gano mai hannu a ciki, kuma ko wane ne, ba zai ƙara haɗa inuwa da shi ba.

Da uwar yara ya fara. Tun ranar da kwalin ya shigo ta ce wannan abu sai ya kai su asibiti, kuma tana da almakashi. Ko ɗago kai ba ta yi daga wanke-wankenta ba. "Malam, in ni ce, da gatari zan yi, kuma a gabanka." Maigida ya lura ba ta ce ba ita ba ce.

Sai maƙwabci. Mutumin nan ya sha kawo ƙara cewa kawunan yara na bayyana a saman katangarsa suna ɓacewa, iyalinsa ba su da sirri, shi kuma ba shi da barcin rana. Kafin Maigida ya buɗe baki ya riga ya miƙo hannu yana ta'aziyya. Wa ya gaya masa an yi rasuwa? Ya kuma ƙara da cewa a bar wa Allah, kada a tsananta bincike. Maigida ya koma gida da zargin da ya fi wanda ya fita da shi.

Kawun yara ma bai tsira ba. Mutum ne mai jiki, kuma akwai tsohuwar ƙullalliya tsakaninsa da marigayin tun ranar da ya hau don gwaji ya sauko da sifirin biyu a hannu. Ya zo duba gida a ranar, ya tafi bai ci abinci ba. Kawun da aka sani ba ya barin gida da tukunya a kan wuta.

Sai Kaka. Yini guda tana kan kujerarta tana fuskantar mamacin. Matar da ke ganin ƙwayar shinkafa in ta faɗi a ƙofar kicin ta ce ba ta ga komai ba. Da ya matsa kaɗan, cikin ladabi, sai ta ce, "To ka ce ni ce. Tsohuwa ce ta yi, sai ka ɗaure ni." A nan bincike ya cije, don ba a tuhumar uwa. Amma Maigida ya ga yadda uwar yara ta dubi Kaka, Kaka ta dubi katanga, ya kuma ga duk lokacin da ya shigo ɗaki magana na mutuwa. Ya yanke hukunci a ransa cewa haɗa baki aka yi, gida guda da maƙwabcinsa.

Marigayin ya bar ƙafafunsa na ƙarfe, raga lafiyayya, ɗan tsani da sifirin masu yawa da ba su san an yi rasuwa ba. Ya bar yaran maƙwabta da yanzu ke gaishe da Maigida daga nesa. Ya bar Auta, wanda ya ce ya yafe. Ya kuma bar 'Yar Fari, wadda tun ranar rasuwar ba ta fita tsakar gida, ba ta cin abin kirki, ba ta kuma shiga inda Auta yake. Maigida ya ɗauka baƙin cikin rashi ne, har ya ji sanyi cewa a gidan nan akwai mai jin abin da yake ji. Ita kaɗai ce bai zarga ba.

Da ya rasa madafa sai ya koma kan gawar, ya durƙusa ya duba ta yadda ya kamata ya yi tun farko. Ashe ba yanka ɗaya ba ne. Gajeru ne da yawa, kusa da juna, duk a bakin ƙofar raga, ba wanda ya kai tsakiya. Bakinsu a zazzare yake, aikin wuƙar da ba ta da kaifi, an yi ta gurzawa. Ya tsaya a ƙasa ya miƙa hannunsa ta ƙofar, hannun ya wuce inda yankan ya tsaya da nisa. Babba da hawa zai yi ya tsaga tsakiya ya huta. Wanda ya yi wannan gajeren hannu gare shi, kuma tsoron hawa yake. Aikin ya ɗauki lokaci, a gaban kujerar Kaka, a ƙarƙashin tagar kicin, a inda ake hangowa daga katanga, kuma ba wanda ya hana.

Ya sami 'Yar Fari a ɗaki, zaune a gefen gado, hannuwanta cikin mayafi. Ya ce ta ba shi hannun. Tafin ya yi bororo, wani ya fashe. Bai tambaye ta komai ba, ita ta fara.

"Baba, na riƙe shi da kyau. Wallahi ban sake shi ba."

Maigida ya kama mutane da yawa a rayuwarsa kuma ya san abin da ake faɗa musu, amma wannan karon ba ɓarawo ba ne a gabansa. Tausayi ya kama shi, da kunya. Kwana da kwanaki yana makokin ƙarfe da yadi, 'yarsa kuwa na ɗauke da ƙafar ƙaninta ita kaɗai, tana jiran ranar da za a tambaye ta. Ya zauna a ƙasa ya gaya mata abin da likita ta ce, cewa ko shi ne ya riƙe Auta haka za ta faru. Ya ce ba ita ba ce. Sai da ya maimaita kafin ta ɗago. Rantsuwar da ya yi a tsakar gida kuwa, ya ce ya ji ya ɗauki nauyinta.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an rufe bincike, kuma sanadin rasuwar da iyali suka amince da shi shi ne tsufa. An wanke uwar yara da Kawu. An wanke maƙwabci, ko da yake Maigida zai ci gaba da lura da shi kan wasu al'amura. Kaka ta sanar da kanta cewa dokarta ta riƙe ƙarami na nan daram a titi da kasuwa, amma ta cire ta daga kan duk abin da ke tsalle. Masu 'yan uwan marigayin a gidajensu ana roƙonsu su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, ƙarami kuma ya yi kukansa a ƙasa, kuka ba ya karya ƙashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a tsakar gida. Mai walda zai kwance shi, mai sayen tsohon ƙarfe zai raka shi makwancinsa, soson kuma an bar wa bayan Kaka. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo wa Auta alewa, ta yi masa yawa. Su fara gaishe da yayarsa, kuma kada wanda ya tambaye ta ina take har ƙaninta ya karye. 'Yar Fari ce ta roƙa a bar ta ta cire sifirin na farko da hannunta, an kuma amince. In tafin hannun bai warke ba zuwa Asabar, gawar za ta jira.