Tambarin Bushiya a Dutsen Kowa

A wani daji da ke ƙetaren kogi, akwai wani faffaɗan dutse da ake kira Dutsen Kowa. Dokarsa ɗaya ce: duk zanen da aka yi a kansa, kowa na iya kwafa ya yi gaba, ba sai ya nemi izini ba. Dabbobin suna ji da dokar nan ƙwarai, musamman waɗanda ba su taɓa zana komai ba.

Hawainiya ce ta ɓallo ruwa. Ta sha alwashin sai ta zana duk abin da ke dajin, har ta iso kan tambarin Bushiya, wato ƙaya uku da tsohuwar ke dangwalawa a kan kowane curin daddawarta shekara da shekaru. Kwana biyu da zanen, Burgu ya kwafa, ya buga a kan wata daddawa da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka. Masu ciwon ciki suka yi ta sallama a ƙofar Bushiya. Abin ya ƙona mata rai, ta kai ƙara gaban Damo, shugaban majalisa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ba ni da gona, ba ni da gado. Sunana kaɗai gare ni, ga shi ana zawo da shi. A goge tambarina daga dutsen nan."

Hawainiya ta sauya launi sau biyu, ta ce, "Inna, zanen nawa ne, da hannuna na yi, na kuma bayar kyauta. In an goge naki yau, gobe Zabuwa za ta ce ɗigo nata ne, Damisa ta biyo baya. Me zai rage?"

Burgu ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Ni dai doka na bi, ranka ya daɗe. Ban ga inda aka ce ban da daddawa ba."

Majalisa ta yi kwana tara tana zama, bakwai a ciki kan wanda zai fara magana. Daga bisani aka yanke cewa zane zai zauna, amma a rubuta a ƙasansa cewa ba a yarda a buga shi a kan kaya ba. Damo da kansa ya hau dutsen ya danna hatimin majalisa a jikin gargaɗin, aka yi tafi, aka watse.

Ran kasuwa daddawar Burgu ta fito da tambari da hatimi. Ta Bushiya, mai ƙaya uku kawai, ita masu saye suka tsaya suna shinshinawa.